Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Majalisun Dattawa Da Fastocin Matasa Na Ikilisiyoyin Jos Da Bukuru Kan Fitar Matasa Hidimar Marasa Matsuguni

Iyayenmu cikin Ubangiji, rabaran-rabaran, fastoci, dattawa da shugabannin zumuntar matasa,

Muna gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya hidima, yaya iyali, yaya kuma sanyin da ya fara shigowa? Allah ya ƙara muku lafiya da hikimar kiwon garken da ya damƙa a hannunku.

Mu da muka rubuto wannan wasiƙa 'ya'yanku ne daga ikilisiyoyi daban-daban na Jos da Bukuru. A cikinmu akwai ma'aikatan jinya, jami'an jin daɗin jama'a, malaman makaranta, da iyaye mata na zumuntar mata waɗanda ake kira su hura wuta duk lokacin da matasa za su fita. Muna magana a madadin matasan da kuke aikawa, da kuma mutanen da ake zuwa wurinsu, waɗanda ba su da kujera a zaman majalisa.

Disamba ta matso, an fara sanarwa a majami'u cewa matasa za su fita kai agaji ga masu kwana a titi da 'yan gudun hijira. Mun ga irin kasafin da majalisu da dama suka sa wa hannu: rigar anko mai tambari, hayar bas, lasifika da janareta, mai ɗaukar hoto, sai shinkafa da ruwan leda. Babu layin horo a ciki, babu akwatin taimakon gaggawa, babu kuɗin kai mara lafiya asibiti, babu kuma ranar komawa. Niyyar matasanmu mai kyau ce, mun shaida. Wasunsu kuɗin motar makaranta suke tsakura su ba da. Tsarin da ake ɗora su a kai ne muke kuka da shi, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Hedikwatar ikilisiyar ECWA da ta COCIN da ta tarayyar ikilisiyoyi ta TEKAN duk a Jos suke, don haka abin da aka saba yi a garin nan shi ake kwaikwaya a wasu jihohi.

Matsalar tana farawa ne tun daga rashin sanin wa za a je wa. Ana cewa "marasa gida" kamar mutum ɗaya ne, alhali buƙatunsu ba su haɗu ba. Akwai waɗanda hare-hare suka raba da gidajensu, kamar na Barikin Ladi a 2018, na Mangu a 2023, da na Bokkos a jajibirin Kirsimeti na 2023, waɗanda wasunsu suka fake a azuzuwan makaranta, harabar majami'u da kangaye. Su manoma ne masu iyali. Ɗanyen hatsi, gishiri, man girki, tukunya da kuɗin makarantar yara sun fi musu amfani a kan dafaffen abinci na rana ɗaya. Akwai yaran tasha da ke kwana a kan teburan 'yan kasuwa a kewayen Terminus, Gada Biyu, Farin Gada da tashar Bauchi Road. Akwai 'yan cirani da 'yan dako masu kwana a bakin shaguna, waɗanda suna da sana'a, ɗaki ne ba su da shi. Akwai makafi, guragu da kutare masu bara, kuma kowane rukuni yana da sarkinsa da tsarinsa na rabo. Akwai masu taɓin hankali. Akwai tsofaffi da yara da danginsu suka kora bisa zargin maita. Almajirai kuwa suna da malami, suna da makwanci, iyayensu na nan a raye. Wanda ya ɗauke su a matsayin marayun titi ya fara da kuskure, kuma a garin Jos irin wannan kuskuren yana iya zama fitina.

Sai lokaci. An fi fita bayan sujada, wajen ƙarfe ɗaya zuwa biyu na rana, domin shi ne ya dace da mu. A wannan lokacin mai kwana a titi ba ya wurin kwanansa. Ya tafi dako, ko tsintar gwangwani da roba, ko bara. Waɗanda ke cika layi su ne masu wucewa, 'yan talla da yaran unguwa. Su ma mabuƙata ne, ba mu musa ba, amma ba domin su aka karɓi baiko ba. Idan ana son a ga ainihin masu kwana a waje, sai tsakanin ƙarfe biyar da rabi zuwa bakwai na safe, kafin masu shaguna su buɗe su tashe su. Aikin ƙidaya na manya ne: mutum uku ko huɗu su je tare da wani ɗan wurin da aka sani, su rubuta maza nawa, mata nawa, yara nawa, wa ke tari, wa ke da ciwo, wa ke da ciki. A kan wannan takardar ya kamata a yi kasafi. Yanzu akasin haka ake yi, a sayi kaya tukuna sannan a fita neman wanda za a ba.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne turmutsitsi. A watan Mayun 2022 mutum 31 suka mutu a Fatakwal wurin rabon kyauta da wata ikilisiya ta shirya. A Disambar 2024, cikin mako guda, yara 35 suka mutu a Ibadan, mutum 22 a Okija ta jihar Anambra, mutum 10 kuma a wata majami'a da ke Maitama a Abuja, duk wurin rabon abinci ko kyauta. Bayan haka ne rundunar 'yan sanda ta buƙaci masu shirya irin wannan rabo su riƙa sanar da ita tun da wuri. Duk da haka har yanzu ana tsayar da bas a bakin titi, a buɗe ƙofar baya, a sa yarinya 'yar shekara goma sha shida ta miƙa abinci ga mutum ɗari biyu masu jin yunwa. Yadda abin ke faruwa sananne ne. Na baya ba sa ganin yawan abin da ya rage, sai su turo. Na gaba ba su da wurin ja da baya. Idan mutum ɗaya ya faɗi, na bayansa su faɗa kansa, kuma matsewar ƙirji ke kashe mutum cikin 'yan mintuna, tun kafin a kai ga tattakewa. Yara, tsofaffi, masu ciki da masu sanda su ne ke ƙasa.

Maganinsa ba ya cin kuɗi sosai. Kada a yi shelar rabo a lasifika ko a WhatsApp. A raba kati mai lamba tun jiya da yamma ko da asuba, ta hannun waɗanda suka yi ƙidaya, kuma adadin katin ya gaza adadin abincin da kashi goma cikin ɗari, domin kullum akwai wanda ba a ƙidaya ba. A zaunar da mutane a ƙasa rukuni-rukuni, ashirin-ashirin, matasa su kai musu inda suke zaune. Wanda ke zaune ba ya ture kowa. Mata da yara da nakasassu a fara da su, a gefe daban. Ƙofar shiga daban, ta fita daban, kuma kada a kulle kowace. Kayan su kasance a inda ido ba ya gani, ana fito da su kaɗan-kaɗan. Kada a taɓa jefa komai cikin taro, ko da alewa ce. Kuma a naɗa mutum ɗaya babba wanda aikinsa kallon taro kawai, mai ikon cewa a tsaya, kowa ya tsaya, har da fasto.

Iyayenmu mata na zumunta sun ce a gaya muku batun shinkafa, domin su ake zargi idan ta lalace. Ana sa su fara girki ƙarfe huɗu na asuba, a zuba dafa-duka a robobi ƙarfe bakwai, a jera a cikin bas. Sai a shiga sujada, sai jiran waɗanda suka makara, sai hoto, sai addu'ar tafiya. Ba a fara rabo sai ƙarfe biyu ko uku. Awa bakwai ke nan shinkafa tana gumi a rufaffiyar roba cikin mota mai zafi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye, sai dai idan an riƙe zafinsa sama da digiri 60. Shinkafa tana da wata ƙwayar cuta da dafuwa ba ta kashe ƙwanta. Idan abincin ya huce ya daɗe, sai ta farfaɗo ta zuba guba, kuma ɗumame ba ya karya wannan gubar. Ɗanɗano da ƙamshi ba sa nuna ta. Mai gida idan ya yi amai da gudawa yana da banɗaki da ruwa da mai kula da shi. Mai kwana a bakin shago ba shi da ko ɗaya, kuma mu da muka ba shi abincin mun riga mun koma gida, ba za mu ji labari ba.

A dafa kusa da wurin rabo, ko a ɗauko abincin a manyan kuloli masu riƙe zafi a zuba a wurin. A bar haɗin kabeji da madara ko mayonis gaba ɗaya. Lissafin kuwa mai sauƙi ne: gram 150 na ɗanyar shinkafa ya ishi babban mutum, buhu mai kilo 50 zai ba da kwano kimanin 330. Idan ƙidaya ta nuna mutum 120, ƙasa da rabin buhu ake buƙata, sauran kuɗin su tafi wake, ƙwai da man shafawa. A lokacin sanyi, kunu ko shayi mai zafi da burodi da dafaffen ƙwai da sassafe ya fi shinkafar yamma amfani. Nama a saya a hannun mahautan da kowa ya yarda da yankansu, a kuma faɗi haka a fili, domin da yawa daga cikin waɗanda za a ba Musulmi ne. Idan fitar ta faɗo cikin azumi, a kai abincin dab da magariba. Kafin a ba kowa, a tanadi bokiti mai famfo da sabulu. Kwano ɗaya da kowa ke tsoma hannu a ciki yaɗa cuta yake yi. Robobi da ledojin ruwa kuma a kwashe su a buhu a tafi da su, domin idan aka bar su, masu shaguna kan huce haushinsu a kan masu kwana a wurin.

Kayan sawa da ake tarawa a majami'a, a gaskiya, yawanci abin da mutane suka gaji da shi ne: takalmin mata mai tsini, kwat, rigar biki, yagaggen wando. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu sanyin dare yakan sauko kusa da digiri 10. Mai kwana a kan siminti ta ƙasa sanyi ke shigarsa, domin simintin yana zuƙe ɗumin jiki. Saboda haka abin shimfiɗa yana gaba da abin rufa: tabarmar roba da kwali mai kauri a ƙarƙashi, sannan bargo. Bargon ya zama mai duhun launi, marar tsada sosai. Sabon bargo mai laushi a cikin jakarsa ba ya kwana biyu a hannun yaron tasha, ko a ƙwace ko a sayar. A cire shi daga jaka kafin a ba da shi. Hular sanyi, safa biyu, rigar sanyi, silifas mai ƙarfi, da man basilin saboda faso da tsagewar leɓe, su ne kayan da ake nema. Mata na buƙatar zane, ɗan kamfai sabo da audugar mata, kuma mata ne za su miƙa musu a keɓe. Duk gwanjon da aka tara a wanke da ruwan zafi, a shanya a rana, a goge, a ware bisa girma kafin ranar fita. Ƙazwa da ƙwarƙwata ta tufafi suke bi. Kuma kada a raba gawayi da kasko ga masu kwana a cikin kwantena ko rufaffen shago. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci.

Mu ma'aikatan jinya muna roƙonku ku hana rabon magani a leda. Mun sha ganin an sayo maganin zazzaɓin cizon sauro, maganin kashe ƙwayoyin cuta da na ciwon jiki, an ba ɗalibai su raba kamar gyaɗa. Ba a yi gwaji ba, ba a tambayi mace ko tana da ciki ba, ba a san nauyin yaro ba. Matashin da ba ma'aikacin lafiya ba, abin da ya kamata ya iya kaɗan ne, amma ya iya shi sosai. Ya sa safar hannu kafin ya taɓa ciwo, ya wanke da ruwa mai tsabta, ya rufe da bandeji. Ya iya haɗa ruwan gishiri da sukari: ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, idan babu ƙunshin kuma ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba. Ya san cewa mai farfaɗiya ba a danna masa cokali a baki, ba a ɗura masa ruwa ko manja. A kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, idan jijjigar ta lafa a juya shi gefe, idan ta wuce minti biyar a nufi asibiti. Ya san alamun da ba a jira da su: gudawa mai kama da ruwan shinkafa, numfashi da ƙyar, jini ga mai ciki, yaron da ya kasa sha ko ƙafafunsa biyu suka kumbura. Akwai ɗan tef mai launi da ake auna damtsen yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar. Idan ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, kwanon shinkafa ba zai yi maganinta ba. Tarin da ya wuce mako biyu a tura shi gwajin tarin fuka, wanda gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin da gwamnati ta keɓe.

Amma tura mutum asibiti da baki kawai ba taimako ba ne. Sai da kuɗin keke, kuɗin kati, da wanda zai zauna da shi. Garin nan yana da asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH, da asibitin ƙwararru na jiha, da Jankwano, da OLA, da asibitin Vom. Kafin a fita, ya kamata a san wanne ya fi kusa, wa za a kira a can, nawa ne a hannun ma'aji domin wannan kaɗai. Basamariyen da Ubangijinmu ya ba da misali da shi ya bar dinari biyu a hannun mai masauki, ya kuma ce zai dawo ya biya abin da ya ƙaru. Kasafinmu ba shi da dinari biyun, ba shi da dawowar.

Masu taɓin hankali kuma a bar su da mutuncinsu. Kada matasa su kewaye mutum, su danne shi, su aske masa kai ko su yi masa wanka da ƙarfi domin a ɗauki hoton "da" da "yanzu". Kada a taru a kansa ana ihun fitar da aljanu. Wanda ya tsorata yakan kai duka, daga nan jama'ar wurin su far masa. Mutum ɗaya ko biyu su matso ta gabansa, su yi gaisuwa, su ajiye abincin inda hannunsa zai kai, su ja baya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta kare haƙƙin irin waɗannan mutane, kuma JUTH tana da sashen da ke duba su.

Batun yara yana buƙatar doka a rubuce. Tausayi yakan sa wata 'yar'uwa ta ce za ta tafi da yaro gida ta riƙe shi, ko a ɗebi yara a bas a kai su majami'a su kwana. Ko da zuciya ɗaya aka yi, a idon hukuma da idon iyayen yaron wannan yana iya zama satar yara. Nijeriya tana da dokar kare haƙƙin yara tun 2003, jihar Filato ta yi tata a 2005. Yaron da ba shi da kowa, hanyarsa ita ce ofishin jin daɗin jama'a na ma'aikatar harkokin mata, tare da sanin 'yan sanda. Idan akwai alamar fataucinsa ake yi, sai hukumar yaƙi da fataucin mutane, wato NAPTIP. Kada babba ko matashi ya keɓe da yaro shi kaɗai. Kada a ba yaro lambar waya ta kai, kada a yi masa alkawarin makaranta idan majalisa ba ta ware kuɗin ba. Kuɗi a hannu kuma ba a ba yaran tasha, domin akwai manyan da ke karɓewa, akwai kuma masu sayar da sholisho da tiramadol a nan kusa. Almajirai, idan ana son a taimake su, a je wurin malaminsu tare da mai unguwa, a tambayi abin da makarantar ke buƙata. Sau da yawa amsar ita ce tabarma, sabulu, maganin ƙazwa da gyaran banɗaki.

Hoto. Mun san ana buƙatar shaida domin masu ba da gudummawa. Amma matar da ta gudo daga ƙauyenta, tana zaune da zane ɗaya, ba ta ba kowa izinin sa fuskarta a Facebook da TikTok ba, kuma wanda ke miƙa hannu yana karɓar abinci ba ya iya cewa a'a. Wasu ɓuya suke yi daga waɗanda suka kore su. Rasit, rijista da hoton kayan kafin rabo sun isa shaida. Ubangiji da kansa ya ce kada hannun hagu ya san abin da na dama ke yi. Wayoyi su zauna a aljihu, mutum ɗaya kawai ya ɗauki hoto, daga baya, ba fuska, ba yara.

Ku yi haƙuri da mu a kan abin da za mu faɗa yanzu, domin mun san bishara ce zuciyar wannan fita. Riƙe mai jin yunwa awa guda yana sauraron wa'azi, yana kallon kula a rufe, kafin a ba shi, ciniki ne. Zai ɗaga hannu domin yana son ya ci, sakatare ya rubuta "rayuka arba'in", mako mai zuwa ya ɗaga wa wasu. A ba da abincin tukuna, ga kowa, ba tare da tambayar addininsa ba. Wanda ya nemi addu'a a yi masa, wanda ya tambayi dalilin zuwanmu a gaya masa. Ku kuma kun fi mu sanin garin nan. Tun rikicin Satumbar 2001, da na 2008 da na 2010, unguwanni suka rabu, kowa ya san inda yake shiga da inda yake takatsantsan. Bas cike da matasa masu anko, da lasifika, ta tsaya kusa da masallaci ko makarantar allo ba tare da sanarwa ba, jita-jita ɗaya ta isa. Mako guda kafin fita, dattawa biyu su je da ƙafarsu wurin mai unguwa, shugabannin tasha ko na kasuwa, sarkin makafi ko na guragu idan wurinsu za a je, da ofishin 'yan sanda na yankin. Inda unguwar ta Musulmi ce, a nemi limamin da 'yan agajin masallaci su tsaya tare da mu. Sun san mutanen da sunansu, sun kuma iya tsara layi. Jihar tana da hukumar gina zaman lafiya tun 2016, ga kuma hukumar agajin gaggawa ta jiha, wato SEMA, ga abin da ya shafi 'yan gudun hijira. A nemi shawararsu. Lasifika da janareta a bar su a majami'a.

Su kansu matasan amana ne. Ana cusa mutum ashirin da biyar a bas mai ɗaukar goma sha takwas, ba a rubuta sunan kowa ba, iyaye ba su san unguwar da aka nufa ba. Wanda bai kai shekara 18 ba sai da takardar izinin iyaye, kuma ba ya fitar asuba ko ta dare. Babba ɗaya ga matasa takwas, a cikinsu akwai mace. Ba a tafiya ƙasa da mutum uku. A ƙirga kai kafin tashi da kafin dawowa, a bar kwafin sunaye da lambobin iyaye a ofishin ikilisiya, kowa ya san lambar gaggawa ta 112, a kuma dawo kafin duhu. Bayan an dawo a zauna da su. Yarinyar da ta ga jariri mai tamowa karo na farko tana buƙatar wanda zai saurare ta, ba a sallame ta da lemun kwalba kawai ba.

Ga abin da muke roƙo, iyayenmu.

Ku dakatar da duk fitar da ba a yi mata ƙidaya, horo da sanar da hukuma ba, ko da an riga an ɗinka riguna. A ɗage ta zuwa Janairu. Sanyi yana nan, kuma lokacin masu rabon Kirsimeti duk sun watse.

Kowace ikilisiya ta zaɓi wuri ɗaya ta riƙe shi shekara guda, ana zuwa aƙalla sau ɗaya a wata da ƙaramin rukuni, da rijistar sunaye da abin da aka yi wa kowa. Ikilisiyoyin da ke yanki ɗaya su raba wurare da ranaku a tsakaninsu. Yanzu ƙungiyoyi biyar kan haɗu a Terminus a Asabar ɗaya, alhali waɗanda ke kangayen bayan gari ba wanda ya leƙa su. Da aka yi gunaguni a ikilisiyar farko cewa ana manta wasu gwauraye a rabon kullum, manzanni sun sa an zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida aka danƙa musu aikin. Ku naɗa irin wannan kwamiti na dindindin, a cikinsa akwai ma'aikacin lafiya, uwa daga zumuntar mata, da matasa biyu, mace da namiji.

Ku juya kasafin. Shawararmu ita ce aƙalla kashi 70 cikin 100 ya tafi kai tsaye ga abinci da kayan da ƙidaya ta nuna, kashi 15 a ajiye domin asibiti da mayar da wanda ke son komawa ga danginsa, sauran ya ɗauki mota da horo. Anko, wanda ke so ya saya da kuɗinsa. Ma'aji ya karanta rahoton kuɗin a gaban ikilisiya cikin wata guda, da rasit.

Ku rubuta dokar kare yara da ta ɗaukar hoto a shafi ɗaya, kowane mai fita ya sa hannu, har da fastoci da baƙin da ke zuwa daga wasu garuruwa ko ƙasashen waje.

Ku buɗe abin da kuke da shi. Majami'u da yawa suna da rijiyar burtsatse da banɗakuna da ke kulle daga Litinin zuwa Asabar. Safiya ɗaya a mako ta wanka da wanki, da sabulu da mai gadi da lokacin mata daban, za ta rage ƙazwa da gyambo fiye da duk maganin da ake rabawa a leda.

Horon kuwa mun ɗauki nauyinsa kyauta: Asabar biyu, awa huɗu-huɗu, a kan taimakon gaggawa, tsaftar abinci, tsara taro da mu'amala da yara. Ɗaki da allo kawai muke buƙata. Muna roƙo a karanta wannan wasiƙa a zaman majalisa na gaba, a kuma ba mu amsa ta hannun shugabannin zumuntar matasa kafin Lahadin farko na Disamba, domin mu san ranar da za mu fara.

Naku cikin hidimar Ubangiji,

Wasu ma'aikatan jinya, jami'an jin daɗin jama'a, malamai da iyaye mata na zumunta,
Jos da Bukuru, jihar Filato.